Abin da Tankari Ya Liƙa

Kafin ni, Tankari ne a wannan ɗaki.
Ban san fuskarsa ba, haƙorinsa na sani:
da shi yake yanka sikoci,
ga gurbin fiƙarsa a bakin kowane yanki.

Ranar da ya liƙa, na tabbata fari ne tas.
Yau, shekara arba'in da ɗoriya,
ya yi ja kamar ragowar shayi a gindin kofi.
Ledar ta saki, ta faɗa cikin kwali,
danƙon kuwa ya nutse cikin takarda, ya yi zamansa.

Wasiƙa ce daga Illela, kan wata rijiya.
Mutum biyu suka haƙa, ɗaya ya rasu,
sunan wanda ya gaji rabin ruwan
yana daidai inda tsagar ta bi,
daidai inda Tankari ya ji tausayi.
Harafi uku suka saura. Sauran sun bi leda.

Ba na zaginsa.
Abin da ke cikin durowa shi ya ɗauka.

Ni tun safe nake dama kokon alkama,
na tace sau uku da ƙyalle,
ya huce, ya yi santsi kamar kaurin yauƙi.
Kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya.
Bazarar Yamai na gasa rufin kwano,
damina kuma kogi zai turo raɓarsa har cikin kabad,
takarda ta kumbura, ta motse, ta kumbura,
duk abin da ya riƙe ta sai ya iya numfashi tare da ita.

Balkisa, mai koyon aiki, ta ce:
Inna Gambo, namu shekara nawa zai kai?
Na ce ban sani ba.
Wanda ya sayar wa Tankari ya ce masa har abada.

Abu ɗaya na sani:
ɗigon ruwa a bakin buroshi zai kwance nawa,
ba tare da ya tafi da ko wasali ba.

Na ɗora siririyar takarda a bayan tsagar,
na danne da ƙashi, na aza dutse.
A gefen kwali na rubuta da fensir
kwanan wata, da abin da na dama, da sunana,
don wadda za ta zo bayan Balkisa
ta san wa za ta yi wa tsaki.