Wayoyi Ashirin da Ɗaya

Ƙarfe biyu saura na dare a Valparaíso,
hazo ya taso daga teku ya haɗiye fitilun tuddai.
Ni Ximena, gadi nake yi,
ba na ƙofa ba, ba na dukiya ba,
na abin da ke gudana ƙarƙashin ƙoƙon kan mutum.

Gado na shida, Baltasar Quilodrán.
Shekara talatin yana ɗaure igiyar jiragen ruwa,
ranar Talata tsani ya zame,
hular kwanonsa ta yi gabas, shi ya yi yamma,
siminti kuwa bai san sabo ba.

Na auna kansa da tef kamar mai ɗinkin hula,
na ɗiga jan alli inda kowace waya za ta zauna,
na kauce wa ɗinkin da likita ya bari bayan kunne.
Ashirin da ɗaya. Gam ɗin yana da wari,
yakan bi ni gida, har cikin burodin safe.

Ga shi nan ya yi lamo.
Inji na hura masa iska yana saki.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska;
a wannan ɗaki fuska ba ta da labari,
sai a tambayi allo.

Layuka suna rarrafe daga hagu zuwa dama,
a hankali, kamar teku ranar da ba iska.
Sai ga wani ɗan tsini, sama da kunnen hagu,
ya ɗago kai, ya kira ɗan'uwansa,
wannan ya kira wani.
Kafin in ajiye kofin shayi sun zama haƙoran zarto,
suna cin layi bayan layi,
gobara a ɗakin da aka kulle ta waje.

Farfaɗiya ce wadda ba ta kayar da kowa.
Ba kumfa, ba shure-shure,
ko ɗan yatsa bai motsa ba.

Na tashi Dakta Oyarzún daga gyangyaɗi.
Ya zo da shatin kujera a kumatu,
ya duba, bai ce uffan ba, ya ɗaga wa Fresia yatsu biyu.
Magani ya bi jijiya.
Ina ƙirge, arba'in, sittin, casa'in,
zarton ya dakushe,
haƙori ɗaya, shiru, haƙori ɗaya,
shiru.

Allon nan ya sha yaudarata.
Ɗigon ruwan leda yakan yi rubutu,
girgizar katifa takan yi rubutu,
har buroshin goge baki ya taɓa sa na ruga.

Wajen ƙarfe huɗu Maite ta shigo,
garin fulawar gidan burodi bai fita daga farcenta ba.
Ta shafa goshin mahaifinta,
layuka suka yi tsalle gaba ɗaya.
Ta juyo. Ya ji ni ko?

Da na ce i, da ta samu barci yau.
Na ce hannunki ne, kin taɓa waya.
Ja da baya kaɗan. Kira shi, kada ki taɓa.

Ba ta ce baba ba.
Ta ce, tsoho, jirgi ya iso, ba mai kama igiya.

Daƙiƙa ɗaya. Uku. Biyar.
Wani abu ya ɗan sake taku a layukan baya,
ko kuwa idona ne ke roƙo,
ban sani ba, ba kuma zan rantse ba.
Na danna alama, na rubuta:
huɗu da minti sha bakwai, 'yarsa ta yi magana.
Da safe masu karatu za su karanta.

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka cikin hazo.
Waya ta takwas ta fara saki.
Na ɗauko gam.