Bas ɗin Asuba Zuwa Madurai

Ƙarfe huɗu da rabi nake fita,
kafin Ponnamma ta share ƙofar gidanta
ta ɗago kai, ta auna cikina da ido.
Na ce musu haƙori ke damuna.
Wata goma sha ɗaya ina jinyar haƙori guda,
unguwa kuwa ta iya lissafi.

Ni ce mai kitsa furen yasmin a bakin tasha.
Amaren layinmu da furena suka shiga ɗaki.
Amma ran da aka yi wa Valarmathi bikin awarwaro,
cikinta ya tsufa, mata sun jeru
kowa na zura mata gilashi a hannu,
kore, ja, kore,
da layi ya iso kaina, surukata ta dafa ni:
"Senbagam, duba shinkafa kada ta kama."
Shinkafar ta daɗe da sauka.
Na tsaya a madafa ina jin ƙarar awarwaro
kamar ana ƙirga gadon da babu sunana.

Akwai wata kalma a harshenmu, gajeriya.
Ba a faɗa mini ita a ido.
Sai na ba da baya ake ajiye ta,
kamar takalmi a ƙofar haikali.

Alluran na firiji, bayan kwanon nono,
na naɗe su da ganyen ayaba.
Arumugam ke yi mini, idan gida ya yi shiru.
Hannun da ke kwance tayar babbar mota
sai ga shi yana rawa a gefen cibiyata.
Ya ce yi haƙuri kafin ya soka,
ya sake cewa bayan ya zare.
Shi ba a taɓa aikensa duba shinkafa ba.

Sun ce ɗan kwalba ba a san ubansa ba.
Sun ce na raina abin da aka rubuta min a goshi.
Da ƙugun Ponnamma ya goce bara,
ban ga ta zauna jiran rubutu ba.

Hawa na uku, ɗakin jira,
kowa ta ja gefen sari ta rufe kai,
kowa na karatun daɓen ƙasa.
A nan na ga ƙafar:
zoben azurfa, tabon ƙuna a idon sawu.
Na san ƙunar, ina wurin ran da mai ya zube.
Poongodi ce, matar ɗan Ponnamma,
wadda aka ce ba ta fashin haikali ran Talata.

Ta ɗago. Na ɗago.
"Ya haƙori?"
"Da sauƙi. Ya ibada?"
Dariya ta ƙwace mana, mai ɗumi, mai hawaye,
har malamar jinya ta leƙo.

Kwana goma sha huɗu, in ji likita, sannan a san ko ya kama.
Ɗankunnena na wurin jingina.

A hanyar komawa muka haye gadar Vaigai.
Kogin yashi ne zalla,
amma ga wata can ƙasa, a durƙushe,
tana tono da ƙoƙo.
Na cire furen kaina na soka a nata.
Saura tasha ɗaya ta miƙe,
ta matse min yatsa, ta sauka,
don kada a ga mun dawo tare.