Mita Ɗari Shida da Goma

Yau ma, a ƙofar ma'aikatar ruwa ta Tawa,
wani yaro Bature, gemunsa bai gama fitowa ba,
ya sauko daga mota, ya miƙo mini jakarsa:
"Direba, ina injiniyan?"
Na karɓa. Da nauyinta.
Na kai ta har ciki, na aza bisa teburina,
na zagaya, na zauna a kujerata,
na ce, "Ni ne Nomau. Me ke tafe da kai?"
Kunnuwansa suka rine kamar albasar Galmi.

Ban yi fushi ba.
Ko in ce fushin ya tsufa,
ya koma kamar gwiwata ta hagu:
sai hadari ya haɗu take tuna mini tana nan.

Shekara arba'in ke nan.
A Faransa, ta waya, ɗakin haya yana nan;
da tsohuwar ta buɗe ƙofa ta gan ni,
ashe yanzun nan aka kama shi.
Ƙofa bakwai na buga ran nan.
Na kwana a tashar jirgin ƙasa,
littafin ilimin duwatsu ne matashina.

Malami ya ɗaga takardata, sha takwas bisa ashirin,
ya ce, "Ta wa ka kwafa?"
Ya tsai da ni gaban allo in sake.
Na sake, alli na rawa a hannuna.
Bai ce in yafe shi ba. Ya ce, "Abin mamaki."

Rahoton da na ci rana shekara uku a kansa
ya fito da sunan wani a bango.
Nawa na can shafin godiya,
tsakanin mai buga tafireta da mai dafa abinci.

Kada ku ce Turawa kaɗai.
Can arewa, bayan iyaka, wani ya kira ni bawa
yana murmushi, yana zuba mini shayi.
Da aka kira magariba
kafaɗarsa ta taɓa tawa a sahu.
Wannan ita ce har yau ban gama haɗiyewa ba.

Mutane na cewa, Nomau akwai haƙuri.
A'a. Taurin kai ne, na Inna Kuluwa,
wadda igiyar guga ta cinye wa zanen tafi
a rijiya gaba sittin,
ba ta taɓa komawa gida da tulu fayau ba.
Ita da dutsen Adar suka yi mini karatu:
in ƙasa ta ƙi, ba a roƙonta, ba a zaginta,
sabon baki ake sa wa ƙarfe.

Amma na biya.
Ƙwayar hawan jini biyu kowace safiya,
da dararen da nake ba da amsa cikin duhu
ga mutanen da suka daɗe da mance fuskata.
Ɗiyata Barira ta ce, "Baba, don me ka ɗauki jakar?"
Na buɗe baki, na rufe.
Ita ba za ta ɗauka ba. Alhamdu lillahi.

Bayan sati uku, gabas da Kalfu,
na'urar yaron ta ce a tsaya a ɗari huɗu, babu kome.
Na murza ƙasar da ƙarfe ya tofo, na sansana,
na ce a ci gaba.
Ɗari biyar, shiru.
Ɗari shida, har leburori sun daina duban idona.
Ɗari shida da goma
ruwa ya taso, da zafinsa, yana huci,
kamar maganar da aka daɗe ana riƙewa.
Mata suka yi guɗa, awaki suka watse.

Yaron ya zo, rigarsa jiƙe, ya ce, "Yaya ka sani?"
Na ɗora masa tsakuwa a tafi, na ce ya lasa.

Baɗi wani zai sauko da tasa jakar, na sani.
Na buɗe littafin aiki bisa kan mota,
na rubuta zurfi, na rubuta rana,
na sa sunana a sama,
da manyan baƙaƙe.