Bakin da Na Ɗinke

Shekara talatin da ɗaya ina dukanci a Birni,
rumfata na jingine da dutse.
Malamai su aiko da takarda a naɗe,
ba ta fi ƙwallon dabino ba, an ɗaure ta da zare,
ni nawa in sa fata, in ɗinke mata baki.
Ubana ya ce baduku ba ya leƙe.
Ban taɓa leƙawa ba.

Ran Alhamis a kasuwar Dole
na je neman jar fata wajen majema,
sai Ciroma mai littattafai ya yafuto ni.
Ya goge hannu a riga kafin ya ɗauko shi.
Wai wani likita ne da aka yi wa canji ya bari.

Nauyinsa ya kai na tubali.
Bango baƙi, harufan ruwan zinari sun nutse ciki,
na bi su da yatsa kamar mai karanta tsagar fuska.
Ɗinkin gindinsa na fara dubawa,
sana'a ba ta sakin mutum.
Sannan na buɗe.

Ashe abin da nake rufewa ke nan!
Hatimi mai ɗaki tara, kowane ɗaki da baƙonsa,
tauraro cikin tauraro,
kunama ta jar tawada an kewaye ta da lambobi
kamar an yi mata shinge,
ruwan za'afaran ya koɗe ya koma kalar zuma.
Takarda sumul, da sanyi irin na randa,
har cin gara sun buga,
har inda gumin wani ya ratsa ya bar taswira.

Bayanin da Faransanci ne, ban iya ba.
Ban kuma nemi a fassara mini ba.

A shafi na sittin da huɗu
akwai wata mai alamun ninki goma sha biyu,
a gefenta basilla ta kuskure ta huda:
biyu kusa, ɗaya nesa, biyu kusa.
Haka hannun ubana yake tafiya.
Ban ce shi ba ne. Dukawa suna da yawa.
Amma wani ya ɗinke, wani ya farke,
wuyan da ya rataye ta kuwa
ba su buga hotonsa ba.

Jikka biyu duk Alhamis, har damina ta wuce.

Zuwaira ta lashi yatsa ta goga,
tawada ta ƙi tashi.
Ta ce, rubutun da ba ya wankuwa, wa zai sha?
Ta ga lamba a ƙarshe, ɗana ya karanta mata:
na ɗari biyu da sha biyu cikin ɗari biyar.
Ta yi dariya har ta riƙe ciki.
Asirin da ke da 'yan'uwa ɗari biyar,
ai ya zama tallan goro.

Tana da gaskiya.
Ba ya kore maye, ba ya jawo ciniki.
Duk da haka bayan lisha nakan wanke hannu,
in matso da fitila,
in yi ta kallon yadda tsoron mutane
ya iya ja layi miƙaƙƙe haka.

Yau Malam Mutari ya aiko da guda.
Ta daɗe a tafina fiye da kullum,
zarenta ma ya ɗan saki.
Na ƙara masa ƙulli, na ɗinke.

Fatar da ta rage ina yi wa littafin gafaka.
Ita kam maɓalli zan sa mata.