Waƙafi

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli a Gangare,
sanyin safiya yana cin yatsuna,
ina ce wa yara: jimla magana ce mai cikakkiyar ma'ana.
Tana da aikau, tana da aikatau,
wani lokaci har da karɓau, wanda abin ya faɗo wa a ka.
In numfashi ya gaza a hanya, ku sa waƙafi.
In zance ya ƙare, ku ɗiga aya.

Yanzu ni tafinta ne a kotu.
Alƙali ya faɗa da Turanci, ni in juye,
kamar mai awo daga buhu zuwa mudu,
ba ni da ikon ƙara ko ƙwaya.
A harshensu kalma guda ce ke ɗauke
da jimlar da yaro ke rubutawa a allo
da hukuncin da ake yanke wa mutum.
Ranar da na lura na yi dariya,
na ce mu dai mun raba su, kowa da ɗakinsa.

Sai ranar Talata aka shigo da Zailani.
Na gane shi tun daga ƙofa, da tabon girarsa.
Benci na uku, jikin taga, bahago,
yaron da kullum yake manta aya,
har jan birona ya san hanyar littafinsa.
Ya girma yana dakon kwandunan tumatir a Farin Gada,
aka ce ya ɗauke injin ban-ruwa.
Wata hamsin ke nan yana tsare.
A ina? in ji alƙali.
Bakina ya buɗe da kansa: a gidan waƙafi.

Ashe mu ma mun haɗa.
Ɗan ƙugiyar nan da nake zanawa a ƙasan layi,
in ce ku huta kaɗan, zance bai ƙare ba,
ashe yana da katanga da ganduroba,
yana da kwarkwata da gabza.

Magatakarda ya karanto tarihin shari'ar.
An kama shi.
An ɗage zama.
An nemi fayil, an rasa.
An sauya wa alƙali wurin aiki.
An tafi yajin aiki, an dawo, an sake ɗagewa.
Ni da na rantse wa yara kowane aiki da mai shi,
na tsaya ina laluben aikau.
Wane ne An?
Ɗan wace unguwa ne, wa ya taɓa ganin fuskarsa?
Karɓau kaɗai ke tsaye a akwati,
wandonsa ɗaure da igiyar leda.

Wata goma sha takwas, in ji alƙali,
a ƙirga daga ranar kamu.
Na juye masa ita ɗaya bayan ɗaya, ban zubar da komai ba.
Ya duƙa yana lissafi da yatsun hagu,
ya ɗago: Malam, jimla nawa ke nan?
Saura talatin da biyu.
To wa zai ba ni canjina?

Na juya zan mayar da tambayar,
har an kira shari'a ta gaba.

A waje ruwa ya tsuge, irin na Jos, ba sallama.
Matarsa na raɓe a baranda da yarinya,
wadda ya bari a ciki, ga ta da takalmi.
Ta leƙo ta bayan zane ta ce, Mama, wane ne wannan?
Na ba shi kuɗin mota zuwa Unguwar Rogo.
Ya karɓa hannu biyu, ya yi murmushi,
ya ce, Malam, yau dai an sa min aya.

Ban ce masa komai ba.
Na koma ciki, akwai sauran mutum bakwai a benci,
kowa da kwanan watan da za a ɗage masa,