Kaset Mai Lamba Ɗari da Sha Bakwai

Modi direba ne ya kawo shi daga Ƙonni,
tsakanin na Indiya da na 'yan Cana,
kyauta, kamar gyaran mai tumatir.
A jikin kwalin, wata farar mace riƙe da kyandir,
leɓenta ja, kamar ta ci goro ta manta da madubi.
Kawu Jaɓɓi ya juya shi, ya sake juyawa,
ya ce, "Wanga ba Turancinmu ba ne."
Ya ɗauki biro ya zana mata mayafi a kafaɗa,
ya manna lamba, ya tura shi ƙarƙashin kanta.

Abin da aka ɓoye shi ake tambaya.
Samarin Marina sukan zo bayan isha'i,
murya ƙasa, kuɗi a dunƙule cikin tafi.
Da safe su dawo fuska a murtuke:
"Babu hwaɗa, babu waƙa, ba mu jin mi suka cewa.
Mace na ta tahiya bakin ruwa
har tuwo ya huce. Ba mu kuɗɗinmu!"

Ni aikina mayar da zare baya.
Shekarata sha biyar, a shagon nake kwana.
Wani dare aka kawo wuta ƙarfe biyu,
fanka ta farka, ni ma na farka.
Na kashe sauti. Na tura shi.

Wani gida na dutse, babu maƙwabci.
Agogon bango mai tsawon mutum,
ƙofarsa ta buɗe, ta fito daga ciki
kamar wadda lokaci ya gaji da riƙo.
Jinin bai ba ni tsoro ba,
na fi ganin ja a kwata ranar kasuwa.
Tekun ne. Ni da iyakata gulbin Rima,
wanda rani ke mayar wa hanyar jakai.
Ruwa babu tsallake, da mace ɗaya a gabansa
wadda mutuwa ta ƙi karɓa.

Inda ta kai hannu ga igiyar rigarta,
sai hoton ya ɓarke da yayyafi fari da baƙi.
Mazan Yamai, mazan Dosso, mazan unguwarmu
sun tsayar, sun mayar, sun tsayar a nan
har idonsu ya cinye wurin.
Zaren da kansa ya yi mata sutura.
Na zauna ina kallon yayyafin,
wuyana na zufa, bayana na sanyi.

Kafin ƙarshe injin ya tauna shi.
Na yanke kamu guda da reza, na liƙe da jan farce.
Tun daga ranar, a Sakkwato,
ba ta taɓa kaiwa asuba ba.

Kawu ya rasu. Shagon yanzu na cajin waya ne.
Bara wani yaro mai tura finafinai
ya nemo mini shi, an wanke shi tas,
har da fassara tana gudu a ƙasa.
Na ga haƙoran roba ne.
Na ga tsigar jikinta a tashe:
yarinya ce kawai, tana jin ɗari,
tana jiran a ce ya isa ta sa rigarta.
Na kashe kafin ƙarshen. Nawa ya ishe ni.

Kwalin kasusuwan kuwa, manomi ya saye su.
Jiya na bi ta Kwalkwalawa,
na ga baƙin zare a miƙe bisa shinkafa,
daga kara zuwa kara, yana ƙyalli, yana kuka da iska.
A cikinsu akwai ita.
Tsuntsaye suka taso, suka yi kwana, suka koma.
Har yanzu tana aikinta.