Ɗan Koli da Jikarsa

Shekara arba'in ina baza koli
a inuwar bedi, kusa da Ƙofar Guga,
wuri, murjani, kwalli da ɗan madubi,
ban taɓa tambayar ɗayansu garinsu ba.

Jiya Barira ta taso daga makaranta,
ta tsuguna, ta ɗauki wuri guda a tafinta.
Ta ce, Kaka, wannan gida ne fa,
mai gidan ne ya rasu.

Wai a tekun da ruwansa bai san sanyi ba
wata 'yar halitta ce a ciki, laushi gare ta kamar ɓargo.
Da rana ta lafe ƙarƙashin dutse,
da dare ta fito kiwo,
ta lulluɓe ɗakinta da tsokar jikinta
tana goge shi har ya yi sheƙi.
Ashe ƙyallin da nake wa ciniki
sharar wata ce da ban sani ba.

Na ce, to murjani fa?
Ta yi dariya, ta ce rabin naka roba ne.
Na gaske dabba ne, bai kai ƙwayar gero ba,
danginsa na ruwan ɗumi magina ne,
ɗaki kan ɗaki har su tada ganuwa.
Suna ajiye 'yan haya a cikin jikinsu,
masu girki da hasken rana,
kuɗin hayar kuwa abinci.

Akwai kunkuru, in ji ta, mai hawaye,
ba don an yi masa mutuwa ba:
gishirin da ya sha yake zubarwa ta ido.
Ƙaguwa kuma mai aron kwanson wani,
in ya matse ta, ta nemi babba.
Talibambam dai na san shi,
ya cika ciki da ruwa, maƙiyi ya rasa ta inda zai kama.

Ni ko ruwan Ajiwa sau biyu na gani.
Amma na san gawo, mai zubar da ganye da damina,
na san yadda muke rufe bakin randa
in bazara ta yi tsawo.
Kowa da irin gishirin da aka ba shi ya sha.

Yau wata ta zo sayen wuri na kitson 'yarta,
ta ce nawa? Na jima ban amsa ba.
Ina juya shi, ina leƙa 'yar tsagar nan
kamar mai sallama a ƙofar kango.